Henri Dutrochet (1776-1847): Likitan Da Ya Bi Sawun Ruwa A Jikin Mai Rai

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga madafa ya ga yadda ake yanka albasa ko tumatir a barbaɗa musu gishiri, ba da jimawa ba sai a tarar ruwa ya taru a gindin kwano. Haka kuma mai lambu ya san cewa alayyafon da ya yi yaushi da rana yakan miƙe tsaye idan aka ba shi ruwa da yamma. Abubuwa ne da muke gani kullum, har sabo ya sa ba mu tambayar dalilinsu. To amma me ya fitar da ruwa daga albasa alhali ba wanda ya matse ta? Kuma me ya tura ruwa cikin ganyen alayyafo har ya ɗaga shi?

Masana kimiyya suna kiran wannan al'amari da suna osmosis, wato ratsawar ruwa ta cikin tantani daga ɓangaren da ruwa ya tsinke zuwa ɓangaren da wani abu kamar gishiri ko sukari ya fi narkewa a cikinsa. Wannan maƙala za ta kawo tarihin mutumin da ya fara zama ya nazarci al'amarin, ya auna shi, ya raɗa masa suna, ya kuma nuna cewa rayuwar tsirrai da dabbobi ta rataya a kansa. Sunansa Henri Dutrochet, mutumin ƙasar Faransa. A bakin Faransawa ana furta sunan kamar Anri Dutroshe.

Haihuwarsa Da Ƙuruciyarsa

An haifi René Joachim Henri Dutrochet ranar 14 ga watan Nuwamba na shekarar 1776 a wani ƙauye mai suna Néon da ke tsakiyar ƙasar Faransa. Gidansu gidan sarauta ne da dukiya, mahaifinsa kuma hafsa ne a rundunar sarki. Sai dai an haife shi da nakasar ƙafa, irin wadda tafin ƙafa kan murɗe ya karkata ciki. Iyayensa suka yi ta kai shi wajen likitocin zamanin, amma ba a dace ba. Daga ƙarshe wani maɗori na karkara, wanda kuma shi ne haunin yankinsu, shi Allah ya ba sa'ar miƙar da ƙafar yaron har ya iya tafiya kamar kowa. Ya tashi a wani gida na dangin mahaifiyarsa da ake kira Chareau, kusa da garin Château-Renault, ya kuma yi karatunsa na farko a makarantar garin Vendôme.

Yana ɗan shekara 12 da ƴan watanni juyin juya halin Faransa ya ɓarke a shekarar 1789. Talakawa suka tashi wa masu sarauta, aka kifar da gadon mulki, har aka fille kan Sarki Louis na 16 a watan Janairu na 1793. Mahaifin Dutrochet yana cikin manyan da suka tsere suka bar ƙasar, gwamnatin juyin juya hali kuwa ta ƙwace dukiyar gidan. Yaron da aka haifa cikin daula sai ga shi ya girma ba gado, ba muƙami, sunan gidansu ma ya zame masa abin zargi.

Daga Soja Zuwa Likita

A shekarar 1799 Dutrochet ya shiga rundunar sojan ruwa a garin Rochefort, amma bai daɗe ba ya gudu ya haɗu da ƴan'uwansa da ke cikin mayaƙan da ke neman maido da sarauta a yammacin Faransa. Wannan tawaye bai je ko'ina ba, domin a ƙarshen wannan shekara Napoleon Bonaparte ya karɓe mulki, aka yi sulhu da ƴan tawayen, kowa ya kama gabansa. Dutrochet ya koma gida hannu rabbana.

Hausawa kan ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. A shekarar 1802 ya nufi birnin Faris ya fara karatun likita, ya kammala a 1806. Kundin da ya rubuta na kammala karatu a kan yadda maƙogwaron ɗan Adam ke fitar da murya ne. Tun daga nan ana iya gane halinsa: mutum ne mai son sanin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki, kamar yadda makaniki ke son sanin cikin inji.

A 1808 aka ɗauke shi likitan soja aka tura shi ƙasar Sifen, inda Napoleon ya ɗora wansa Joseph a kan gadon sarauta, mutanen ƙasar kuma suka ƙi yarda, yaƙi ya kaure. Aka ba Dutrochet shugabancin asibitin sojoji na garin Burgos a daidai lokacin da annobar zazzaɓi ke kashe mutane a cikinsa. Yana cikin jinyar marasa lafiya shi ma cutar ta kama shi, ya sha da ƙyar. A 1809 ya koma Faransa, ya ajiye aikin soja, ya tattara ya koma gidan Chareau wajen mahaifiyarsa. A lokacin ba shi da kujera a wata jami'a, ba shi da ɗalibai, ba shi da babban ɗakin gwaji.

Zaman Ƙauye Da Madubin Ƙara Girma

Wani zai ɗauka cewa nan labarinsa ya ƙare, alhali kuwa nan ya fara. Littattafan wani masani ɗan ƙasar Italiya mai suna Lazzaro Spallanzani, wanda ya shahara wajen gwaje-gwaje a kan dabbobi, su suka ja hankalinsa ga binciken halittu. Ya tanadi madubin ƙara girman abu, ya mai da lambu da kududdufai da akurkin kaji makarantarsa. Ya nazarci ƙananan halittun ruwa, ya nazarci yadda ɗan tsako ke girma a cikin ƙwai, da yadda itace ke ƙara kauri. Yakan rubuta abin da ya gano ya aika wa Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa da ke Faris. Ingancin aikin ya sa a 1819 majalisar ta ɗauke shi wakilinta na nesa.

A shekarar 1824 ya wallafa littafi a kan ginin jikin dabbobi da tsirrai. Dabarar da ya yi ita ce, yakan dafa yankin tsiro a cikin ruwan asid har abin da ya manne shi ya narke, sai ya ga tsiron ya wargaje ya zama ƴan mitsi-mitsin jakunkuna, kowace da bangonta. Waɗannan jakunkuna su ne yau muke kira ƙwayoyin halitta. Dutrochet ya bayyana cewa da tsiro da dabba duk daga irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su, kuma girma yana samuwa ne ta hanyar ƙaruwar yawansu da girmansu. Ya faɗi haka shekara 14 kafin Jamusawan nan biyu, Matthias Schleiden a 1838 da Theodor Schwann a 1839, waɗanda yau littattafan makaranta ke ambata a matsayin masu wannan ra'i. Amma don a yi adalci, madubin zamaninsa ba shi da kyau sosai, saboda haka abin da ya gani a naman dabbobi bai fito sarai kamar na tsirrai ba.

Wannan bincike ya bar masa wata tambaya. Idan jiki tarin jakunkuna ne, kowace a rufe ruf ba ƙofa, ta ina ruwa da abinci ke shiga cikinsu, ta ina kuma suke fita?

Yadda Ya Gano Ratsawar Ruwa

Amsar ta zo masa ta hanyar da bai zata ba. Yana da wani ɗan kifi a cikin ruwa wanda aka yanke wa wutsiya, sai wata irin fumfuna ta tsiro a kan raunin. Da ya duba ta a madubi sai ya ga zarurrukanta suna da ƴan kawuna kamar jaka cike da iri. Yana kallo ruwa ya riƙa ratsa bangon jakar yana shiga, yana tura irin waje ta baki, alhali jakar ba ta motsa ba, ba ta kuma matse ba. Daga baya ya sake ganin irin wannan a jakar maniyyin dodon-koɗi marar kwanso idan aka saka ta a ruwa. A wurare biyun abu ɗaya ne: a ciki akwai abu mai kauri, a waje akwai ruwa tsinkakke, sai ruwan ya ratsa ya shiga da ƙarfi.

Gani ga wane bai ishe shi ba, sai ya shirya gwaji da hannunsa. A cikin hanjin kaza akwai wasu rassa biyu masu kama da aljihu, bakinsu ɗaya, ƙarshensu a toshe. Ya ciro su ya wanke, ya zuba madara a ciki, ya ɗaure bakin, ya auna nauyi, sannan ya tsoma cikin ruwa. Da ya dawo ya sake aunawa sai ya tarar nauyi ya ƙaru, aljihun ya kumbura ya yi tauri. Sai ya juya gwajin: ya zuba ruwa zalla a ciki, ya tsoma a ruwa mai kauri. Wannan karon aljihun ya rage nauyi ya yi laushi. Ya gwada da ruwan ƙaro, da ruwan sukari, da farin ƙwai, sakamakon bai sauya ba.

A shekarar 1826 ya gabatar da wannan bincike ga Majalisar Masana Kimiyya, ya kuma wallafa shi a littafi. Ya ƙirƙiro kalmomi biyu daga harshen Girka, inda kalmar osmos ke nufin turawa. Shigar ruwa ciki ya kira ta endosmose, fitarsa waje kuma exosmose. Daga baya, a 1854, wani masani ɗan Sikotilan mai suna Thomas Graham ya gajarta kalmomin ya bar tushensu kawai, daga nan aka samu sunan da ake amfani da shi yau.

Ya kamata mai karatu ya san cewa ba Dutrochet ne ya fara ganin wannan abu ba. Tun a 1748 wani malamin coci Bafaranshe mai suna Jean-Antoine Nollet ya cika kwalba da barasa, ya rufe bakinta da tantanin mafitsarar alade, ya tsoma a ruwa, ya ga tantanin ya kumbura ya yi tozo. Amma an ɗauki abin a matsayin abin mamaki kawai, aka manta da shi kusan shekara 80. Bambancin Dutrochet shi ne ya mai da abin mamaki ya zama abin aunawa. Ya ƙera wata na'ura mai sauƙi: kwalba mai faɗin gindi wadda aka cire gindinta aka ɗaura tantani a wurin, sannan aka kafa dogon bututun gilashi mai ma'auni a bakinta. Idan aka zuba ruwan sukari a ciki aka tsoma gindin a ruwa zalla, sai a ga ruwa yana hawa bututun a hankali, yana saɓa wa ɗabi'arsa ta gangara. Ya kuma yi amfani da zaiba ya auna ƙarfin turawar, ya ga cewa gwargwadon kaurin ruwan ciki, gwargwadon ƙarfinta. Ya wallafa wannan ci gaba a 1828.

Ma'anar Abin Da Ya Gano

A zamanin Dutrochet yawancin masana sun ɗauka cewa abin da ke motsa ruwa a jikin mai rai wani ɓoyayyen ƙarfi ne na musamman wanda ba a iya aunawa, kuma dokokin da ke tafiyar da dutse da ruwan kogi ba su aiki a cikin jiki. Gwajin Dutrochet ya girgiza wannan ra'ayi, domin hanjin kazar da ya yi aiki da shi matacce ne, amma ya ja ruwa. Har ma ya nuna cewa siririn faifan yumɓu gasasshe yana iya yin irin wannan aiki. Ke nan tsari ɗaya Mahalicci ya shimfiɗa wa ruwa, a cikin jiki ne ko a cikin kwalba, kuma ɗan Adam yana iya nazarinsa.

Bari mu koma kan misalanmu na farko da ilimin da ake da shi yau. Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da wani siririn tantani mai barin ruwa ya wuce cikin sauƙi, amma yana tare yawancin gishiri da sukari. Idan aka barbaɗa wa albasa gishiri, ruwan da ke wajen ƙwayoyinta ya fi na ciki gishiri, sai ruwan ciki ya ratso waje. Wannan ne ma ya sa gishiri da sukari da zuma ke hana abinci ruɓewa, domin suna zuƙe ruwan jikin ƙwayoyin cuta. Shi ne kuma dalilin da ya sa takin zamani idan ya yi yawa a gindin shuka yakan ƙone ta, saboda ruwa yana barin saiwa ya koma ƙasa. Alayyafo kuwa, ƙwayoyinsa suna da bango mai ƙarfi a bayan tantanin, saboda haka idan ruwa ya shiga sai su cika su yi tauri kamar tayar keke da aka ba iska, ganye ya miƙe. Ƙwayoyin jinin mutum ba su da irin wannan bango. Idan aka saka su a ruwa zalla sai su kumbura su fashe, idan kuma aka saka su a ruwa mai gishiri da yawa sai su yamushe. Shi ya sa ruwan gishirin da ake ƙara wa majinyaci a asibiti ake auna shi daidai da na jini, wato giram 9 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa.

Dutrochet ya daɗe yana nazarin tsiron nan mai naɗe ganyensa idan an taɓa shi. Ya gano cewa motsin yana fitowa ne daga wani ɗan kumburi da ke gindin ganyen, ya kuma danganta shi da cika da ramewar ƙwayoyin wurin. Binciken baya ya tabbatar da cewa idan aka taɓa tsiron, wasu gishirai ne ke fita daga ƙwayoyin gefe ɗaya, ruwa ya bi su, gefen ya saki, ganyen ya sunkuya.

Inda Ya Yi Kuskure

Ba a rasa nono a ruga, haka nan ba a rasa kuskure a aikin ɗan Adam. Murnar abin da ya gano ta sa Dutrochet ya zarce gona da iri. Sunan littafinsa na 1826 ma yana nuna cewa yana ganin ya bankaɗo ainihin abin da ke motsa rayuwa gaba ɗaya. Da farko ya ɗauka cewa wutar lantarki ce ke tura ruwan ta cikin tantani, wanda ba haka ba ne. Har ila yau ya ba ratsawar ruwa babban matsayi wajen hawan ruwa daga saiwa zuwa ƙololuwar itace. Gaskiya ne cewa ta wannan hanya saiwa ke shan ruwa daga ƙasa, amma a 1894 wasu masana biyu na birnin Dublin, Henry Dixon da John Joly, suka bayyana cewa abin da ke ɗaga ruwa a dogayen itatuwa shi ne jan da ganye ke yi masa yayin da yake fitar da tururi. Bugu da ƙari, tantanin dabba da yake amfani da shi yana yoyo, yakan bar sukari da gishiri su ratsa kaɗan-kaɗan, saboda haka alƙalumansa ba su cika daidai ba.

Sai dai abin lura a nan shi ne, da irin hanyar da shi ya shimfiɗa, wato gwaji da awo, aka gyara kura-kuran nasa.

Sauran Ayyukansa Da Rasuwarsa

A shekarar 1831 aka zaɓe shi cikakken ɗan Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa. A 1837 ya tattara muhimman bincikensa a littafi mai juzu'i biyu. A ciki ya nuna cewa ƴan ƙofofin da ke jikin ganye suna haɗe da ramukan iska na cikinsa, kuma sassan tsiro masu koren launi ne kaɗai ke iya sarrafa iskar kabon idan akwai haske. Ya kuma tsaya a kan cewa numfashin tsiro da na dabba asalinsu ɗaya ne. Daga baya ya yi amfani da wasu allurai masu auna zafi ta hanyar lantarki, ya nuna cewa tsirrai ma suna fitar da ɗan ɗumi daga jikinsu. Ya rasu a birnin Faris ranar 4 ga watan Fabrairu na shekarar 1847, yana da shekara 70.

Waɗanda Suka Ɗora Daga Inda Ya Tsaya

A 1867 Moritz Traube na Jamus ya haɗa tantani na sinadari wanda ruwa ke ratsawa amma sukari ba ya wucewa. Wilhelm Pfeffer ya ɗora irin wannan tantani a jikin ƴar tukunyar yumɓu don ya jure matsi, ya wallafa sahihin awo a 1877. Da alƙaluman Pfeffer ne Jacobus van 't Hoff na ƙasar Holan ya fitar da dokar lissafin ƙarfin ratsawar ruwa, aikin da yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin kimiyyar sinadarai a 1901. Ita kuwa tambayar Dutrochet ta farko, wato ta ina ruwa ke bi ya shiga jakar da ba ƙofa, sai a 1992 Peter Agre na Amurka da abokan aikinsa suka nuna cewa a jikin tantanin akwai wasu ƴan mitsi-mitsin kafofi na musamman da ruwa ke bi. Shi ma ya sami kyautar Nobel a 2003.

Amfanin wannan ilimi ya iso har gidajenmu. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa ko mai ciwon kwalara yana aiki ne saboda hanji yana tsotse sukari da gishiri tare, ruwa kuma ya bi bayansu ya koma jiki. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke gargaɗin a kiyaye awo wajen haɗa shi, domin idan sukari ko gishiri ya yi yawa, ruwan jiki ne zai fito ya bi su cikin hanji, gudawar ta ƙaru.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga yadda Henri Dutrochet ya tashi da nakasa, ya rasa gadon gidansu, ya shiga yaƙin da bai yi nasara ba, ya kusa rasa ransa a asibitin Burgos, sannan ya koma ƙauye ya shafe shekaru yana bincike da hanjin kaza da bututun gilashi. Ya ga abin da mutane da yawa suka gani suka wuce, shi kuwa ya tsaya ya tambaya, ya auna, ya rubuta. Darasin da ke ciki gare mu ɗalibai, ko na harshe ko na kimiyya, shi ne rashin kayan aiki masu tsada ba ya hana mai naci gano wani abu, kuma kuskuren mai bincike na gaskiya yakan zama tsani ga na bayansa. Akwai kuma aiki a gaban mu masu nazarin Hausa. Dutrochet da ya ga sabon abu sai da ya nemo masa suna a harshen da mutanensa za su yi karatu da shi. Mu ma ya rage gare mu mu samar wa irin waɗannan ilmomi kalmomin Hausa tsayayyu, domin mai lambu da uwar da ke jinyar ɗanta su san dalilin abin da suke gani kullum.